Manhajar waƙa ta taya ɗalibi aiki, amma kada ta raba maki

Jama'a, ina goyon bayan ɗalibin waƙa ya sa manhaja a wayarsa yana gwada muryarsa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne malamin jami'a ya ɗauki makin da waya ta bayar ya zuba a takardar jarrabawa.

Amfaninta a fili yake. Yaron da ya taso a unguwannin zango na Accra a Ghana, Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, Allah ya ba shi shiga sashen kiɗa da waƙa a jami'ar Legon ko ta Winneba, ina zai ga fiyano a gidan haya? Abokan karatunsa da yawa a ƙungiyar mawaƙan coci suka girma, tun suna yara kunnensu ya saba da do-re-mi. Shi kuwa sai waya. Haka ɗiyar yayata take yi bayan Isha'i: ta zauna a bakin ƙofa, abin sauraro a kunne, ta ja sauti ɗaya tana kallon wani layi a fuskar waya. Da muryar ta sauka sai layin ya faɗi, ta sake daga farko. Ta ɗauki muryarta ta saurara, ta gane inda numfashi yake yanke mata. Babu malamin da zai zauna da ita haka kowane dare.

To amma da wane mudu ake awon? Irin su Smule da StarMaker da Yousician suna gwada muryarka ne da waƙar da aka riga aka tsara a kan ma'aunin Turai, matakan sauti 12, kowanne da gurbinsa. Ka faɗa gurbin ka ci maki, ka kauce ka faɗi. Mu kuwa daɗin waƙarmu sau da yawa a tsakanin matakan nan yake. Ku saurari mai bege a wurin Mauludi idan ya ja baiti, yadda yake lanƙwasa murya, ya zame, ya karkaɗa ta kafin ya dire. Ko zabiya a gidan biki. Waya za ta kira wannan kuskure, alhali shi ne gwanintar.

Ga kuma karin harshe. Hausa da Twi duk harsuna ne da hawa da saukar murya ke canza ma'anar kalma, a Hausa har da tsawon wasali. Ephraim Amu, shahararren mai tsara waƙoƙi na Ghana, ya dage a kan waƙa ta bi karin maganar harshen da aka yi ta da shi. Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019, tun 1952 ya soma aikin bincike a jami'a yana bin garuruwa yana ɗaukar kiɗa da waƙoƙin gargajiya, ga su nan a ajiye a Legon. Bayan wannan wahala ta magabata, sai mu miƙa alƙalanci ga manhajar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshenmu?

Abin da ya fi damuna ma lafiyar maƙogwaro ne. Waya ba ta ganin jijiyar wuya ta tashi, ba ta ganin kafaɗa tana ɗagawa don ɗalibi yana jan numfashi daga ƙirji maimakon ciki. Yarinya za ta matse maƙogwaro ta kai sautin, a ba ta maki mai yawa, ta ci gaba a haka har muryar ta dushe. Wasu manhajojin kuma suna ƙara amo su gyara muryar, mutum ya ji kansa garau ya ɗauka ya iya.

Malamai, don Allah, ku bar ta a matsayin aikin gida. Ku tura ɗaliban zango da wayar nan su ɗauko muryar tsofaffin unguwa da izininsu, a saurara a aji, a yi nazari. Ranar jarrabawa kuwa ɗalibi ya tsaya a gabanku, mai kalangu a gefe, 'yan amshi a bayansa, ku ga ko ya san lokacin da zai ba su baki da lokacin da zai karɓa.