Cakwakiya fa ba ta da gawa

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Ku ji abin da wani shafi ya ɗora a intanet. 'Yan daba sun yi faɗa, an kashe yaro, uwarsa na zaune ana mata gaisuwa, shi kuma gogan naku mai shafin ya sa hoto ya rubuta "Cakwakiya a unguwa", har da fuskar dariya guda uku. Sannu Malam. Allah ya ƙara basira.

Cakwakiya fa ba ta da gawa. Kalmar tsokana ce, ko a kunne ka ji ta kamar an jefa ƙafa cikin caɓi. Rigima ce da ta cakuɗe, an rasa bakin zaren, kowa na rantsuwa shi ke da gaskiya, 'yan kallo kuma na riƙe ciki. Ka tura wa uwargida saƙon da ka rubuta wa amarya, cakwakiya. Uwar adashi ta kashe waya ranar kwasa, cakwakiya. A 2018 aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB, hukumar jarabawar shiga jami'a, na Makurdi. A shekarar dai wasu suka shiga zauren majalisar dattawa ana tsaka da zama suka sure sandar majalisa, washegari aka tsince ta a ƙarƙashin gada a Abuja. A Mayun 2024 Kano ta wayi gari da sarki biyu, ɗaya a Gidan Rumfa ɗaya a gidan sarki na unguwar Nasarawa, wannan kotu ta ce kaza waccan ta ce a'a. To wannan ita ce uwar cakwakiya. Ka faɗa, a yi dariya, a sha shayi, a watse.

Amma inda jini ya zuba? Haba jama'a.

Na san masu cewa "ai harshe yana canzawa" suna hanya. Ku huta. Hausa ba ta yi talaucin da za a rasa sunan masifa ba. Ga tarzoma, ga hargitsi, ga yamutsi, ga tashin hankali, in kuma kisa ne a ce kisan kai. Wani ma cewa ya yi don a ja masu karatu ne. To ja su da gawar ɗan wani?

Ni abin da ya tsaya mini a rai ƙannen yaron nan ne. Suna da waya. Za su gani, za su ga ɗaruruwan mutane sun danna dariya a ƙarƙashin hoton yayansu. Allah ya jiƙansa, ya ba uwarsa haƙuri.

Af, kafin na manta. Masu rubuta "chakwakiya" da ch, don Allah wa ya koya muku? C kaɗai ta isa. Haka kuke rubuta "chiki" da "chinye", sannan ku zo kuna mana gyaran Hausa.