Zafi da Maiƙo Ke Fito da Sinadaran Roba Cikin Abincin Yara

Iyaye, mu yi maganar abincin yara mai zafi da ake zubawa a roba da leda. Ra'ayina shi ne ba sai an kwashe robobin gida an zubar ba. Abin da ya kamata a daina shi ne haɗa roba da zafi, musamman in abincin mai maiƙo ne.

Sinadarai biyu aka fi bincika. Na farko BPA, yana cikin roba mai tauri irin ta tsofaffin fidar jarirai da manyan gorunan ruwan dispensa, sannan ana shafe cikin wasu gwangwanayen abinci da shi. Na biyu dangin phthalates, waɗanda ke sa roba ta yi laushi. Matsalarsu ita ce jiki yana ɗaukarsu kamar homon ɗinsa, wato sinadaran da ke sarrafa girma da ayyukan jiki: BPA yana kwaikwayon estrogen, homon ɗin da ya fi yawa a jikin mata, wasu phthalates kuma suna taɓa hanyar da jiki ke ƙera ƙwayoyin kitse. Yaro yana cin abinci da yawa in aka auna da nauyinsa, gaɓoɓinsa kuma ba su gama ƙwari ba, shi ya sa abin ya fi shafarsa.

A 2012, Dakta Leonardo Trasande na Jami'ar New York ya duba yara 2,838 'yan shekara 6 zuwa 19 a Amurka. Cikin waɗanda BPA ya fi yawa a fitsarinsu, kusan kashi 22 cikin 100 na da ƙiba mai yawa, a rukunin da BPA ya fi ƙaranci kuwa kashi 10 ne. A 2013 ya danganta wani nau'in phthalates da ɗan hauhawar jini ga yara. Alaƙa aka gani, ba hujjar cewa robar ce sanadi ba, domin yaron da ke yawan shan lemon gwangwani yana kwasar sukari da BPA a tare. Duk da haka Tarayyar Turai ta hana BPA a fidar jarirai tun 2011, Amurka ta biyo baya a 2012.

A aikace, a juya gindin roba a duba lambar da ke cikin alwatika. A guji 3, 6 da 7 wajen abinci. 2, 4 da 5 sun fi dama. Rubutun "babu BPA" ma kada ya ruɗe ku, sau da yawa BPS aka sa a madadinsa, wanda ɗan uwansa ne.

Wajen madarar jariri aka fi kuskure. Binciken Kwalejin Trinity ta Dublin a 2020 ya nuna ko fidar roba mai lamba 5 ma tana sakin miliyoyin ɓurɓushin roba a lita guda in ruwan ya kai digiri 70 aka girgiza. Kuma kada a rage zafin, don shi ke kashe ƙwayoyin cuta a garin madara. Sai a haɗa a kofin gilashi ko na ƙarfe, a bari ta huce, sannan a juye a fida. Fidar da ta dusashe ko ta karce, a sauya ta.

Koko da kunun da ake ƙullawa a leda suna tururi, a tura yaro da kwano mai murfi. Alala kuma a dafa ta a ganye ko ƙananan kwanukan silba, ba a leda ko tsohon gwangwanin madara ba, tun da ga mai ga tafasa na kusan awa guda. Ledar ruwa ba da BPA ake yin ta ba, amma kada a jibge ta a rana.

Jiki yana fitar da BPA ta fitsari cikin kimanin yini guda. A wani gwaji na 2011 a Amurka, iyalai 5 sun bar abincin gwangwani da na roba na kwana 3, BPA a fitsarinsu ya ragu da kusan kashi 66 cikin 100.