Hutun aiki haƙƙinka ne, to rawar murya da ƙaryar ta mece ce?

Duk wanda ya taɓa aikin albashi ya san wannan tsayuwar. Ma'aikaci ya zo bakin ofishin oga, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ya fasa, ya koma kujerarsa ya zauna, sai can dab da tashi ya sake lallaɓowa yana murza hannu, "Ranka ya daɗe, dama dai... wato wata 'yar matsala ce ta taso a gida." Kwana 3 kacal fa yake nema, kuma daga cikin kwanakin da ke rubuce ɓaro-ɓaro a takardar ɗaukarsa aiki, amma in ka ga yadda yake haɗa gumi sai ka rantse rance ya zo nema.

Ni wallahi abin nan yana ci min rai. Hutu ba alfarma ba ce da oga ke yi wa wanda ya ga dama, wani yanki ne na ladan aikinka kamar yadda albashi yake. Kuma ba yau aka fara wannan maganar ba. Tun 1936 Faransa ta kafa dokar bai wa ma'aikata hutun mako 2 da albashinsu, yanzu ma ya kai mako 5. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, sashe na 24, ta saka hutu lokaci-lokaci tare da biya cikin haƙƙoƙin kowane mutum. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a yarjejeniyarta mai lamba 132 ta 1970 ta ce wanda ya yi shekara yana aiki kada hutunsa ya gaza mako 3, kuma ranakun hutun gwamnati da kwanakin da mutum ya kwanta ciwo ba a lissafa su a ciki. Gaskiya ne ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba, Amurka ma da duk arzikinta ba ta da dokar tarayya da ta tilasta biyan hutun shekara, shi ya sa abu na farko shi ne ka san me dokar ƙasarka ta ce, me kuma kwantiraginka ya ce. Da yawanmu layin albashi kawai muke dubawa mu rattaba hannu.

To amma inda na fi son mu tsaya shi ne maganar ƙarya. Mutum yana son kwana 2 ya huta ko ya je wata hidima tasa, ya san in ya faɗi gaskiya za a ce "wannan ai ba uzuri ba ne", sai ya ƙirƙiro rashin lafiya, ko ya kwantar da mahaifiyarsa a asibiti alhali tana gida lafiyarta ƙalau, wani ma har rasuwa yake ƙagowa. Ba na goyon bayan wannan ko kaɗan, domin ranar da asiri ya tonu shi ke nan an daina yarda da kai, kuma ranar da ciwon gaske ya zo, kai ne za ka tsaya kana rantse-rantse ana maka kallon maƙaryaci, ga shi ka shafa wa abokan aikinka masu uzurin gaskiya. Sai dai fa a faɗi gaskiya komai ɗacinta, rabin laifin na shugabanni ne. Ogan da ba ya sakin mutum sai ya ji an ambaci asibiti ko makabarta, shi da kansa ya koya wa ma'aikatansa ƙarya. In "na gaji, ina so in huta" ba ta isa dalili a wajenka ba, to ka shirya jin labarai kala-kala.

Alhali gajiya dalili ce babba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da ILO sun fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum kusan 745,000 a shekarar 2016 kaɗai, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Maganar tsawon awanni ce, na sani, amma ai wanda ba a bari ya tashi a kan lokaci galibi shi ne dai wanda ba a sa wa hannu a takardar hutu. Jiki da jini ne. Japan da aka sani da naci wajen aiki sai da ta kai a 2019 ta wajabta wa kamfanoni su tabbatar ma'aikaci ya ci aƙalla kwana 5 na hutunsa a shekara, saboda mutane suna da hutun a takarda amma kunya da tsoron ido sun hana su ɗauka.

Shi ma ma'aikaci akwai nasa, kada a ce na ɗaure masa gindi kawai. Hutu haƙƙinka ne, eh, amma ranar tafiya ba kai kaɗai ke yanke ta ba, ita kanta yarjejeniyar ILO ɗin ta bar tsayar da lokaci a hannun mai aiki bayan ya tuntuɓi ma'aikacin. Ba daidai ba ne ka turo saƙon WhatsApp ƙarfe 11 na dare wai gobe ba za ka samu shigowa ba, kan abin da ka san da shi tun watan jiya, ka bar abokin aikinka da kaya niƙi-niƙi bai san inda ka tsaya ba. Larurar gaggawa daban, wannan kowa ya san ba a shirya mata. Amma abin da ka sani tun da wuri, faɗa da wuri, kuma a rubuce, imel ko fom, ba a baki a kan hanya ba lokacin da oga ke sauri zai shiga mitin, don gobe yana iya cewa bai tuna an yi haka ba. Layi uku ya isa: "Yallaɓai, ina neman hutun kwana 5 daga ranar kaza zuwa ranar kaza, daga cikin hutuna na shekara. Aikin da ke hannuna zan kammala kafin nan, sauran na yi magana da wane zai riƙe." Ba sai ka zayyano sirrin gidanku ba, ba kuma sai ka cika takardar da ban haƙuri kamar ka yi laifi ba.

In aka ce lokacin bai dace ba saboda aiki ya yi yawa, kada ka juya kawai ka fita da ɓacin rai, tambaya za ka yi, "To yallaɓai wane lokaci ne zai yiwu?" a tsayar da rana a rubuta. Ɗagawa daban, hanawa daban. Wanda ake ce wa "bari dai a ga yadda za a yi" tun watan Janairu har Disamba ta zo, hana shi aka yi, kuma ya kamata ya kai maganar ofishin kula da ma'aikata ko ƙungiyarsu ta ƙwadago, da kwafin duk takardun da ya rubuta a hannunsa.

Sannan don Allah shugabanni, in kun ba mutum hutu ku bar shi ya huta. A sa maka hannu ka tafi amma waya ba ta daina ruri ba, "ina fayil kaza, turo min kaza yanzu-yanzu", wannan aiki ne daga gida, kuma bai kamata a cire shi daga kwanakin hutun mutum ba.