Saboda BODMAS aka ci mutuncina a gaban 'yata

Jiya da rana 'yata ta dawo daga makaranta idanunta jawur. Aji 6 take a firamare, tana shirin jarrabawar shiga sakandare. An ba su gwaji, a ciki akwai 6 ÷ 2(1+2). Ta rubuta 9, malamin lissafi ya zabga mata jan biro ya ce 1 ne, sannan ya tsayar da ita gaban allo 'yan aji suna mata dariya.

Wannan makarantar na daɗe ina haɗiye takaicinta. Kowane zango a ƙara kuɗi, littafi sai a wurinsu za ka saya, ga kuɗin darasin yamma da ba a yi, ga kuɗin walimar yaye ɗalibai ko ɗanka ba ya cikin masu fita. Duk na yi shiru. Amma a kunyata yarinya a kan amsar da take da hujja, wannan kam ban iya ba.

Da safe na rufe shago na tafi. Na same shi a ofishin malamai yana latsa waya.

"Malam, barka da aiki."

"Yawwa." Ko ɗago kai bai yi ba.

Na ajiye takardar a gabansa, na ce na buga lissafin nan a wayata ta ba ni 9, na buga a kalkuletar Casio ta ƙanena ta ba ni 1. Injina biyu sun kasa jituwa, ta yaya yarinya 'yar shekara 11 za ta ɗauki laifin?

Sai ya yi wani murmushi, irin wanda ake yi wa mai taɓin hankali. "Alhaji, waya ba ta san BODMAS ba."

Madalla! Kamfanonin da suka ƙera wayar ba su sani ba, sai shi.

Ga inda gizo ke saƙa. BODMAS haruffa shida ne da ake haddacewa don tuna jerin aikin lissafi: baka, "of", rabawa, ninkawa, tarawa, ɗebewa. Kowa ya yarda a fara da abin da ke cikin baka, 1+2 ya zama 3. Daga nan ake rabuwa. Ƙa'ida ta ce rabawa da ninkawa matsayinsu ɗaya, ana bin su daga hagu zuwa dama: 6 a raba 2 ya ba da 3, sau 3 ya zama 9. Wasu kuma, har da masana, suna ɗaukar 2(3) a matsayin abu guda a manne, sai su ce 6 a raba 6, ya ba da 1. Kowanne yana da madogara. Mai rubuta tambayar ne ya yi sakaci, ƙarin baka guda ya isa ya kashe gardamar. A 2019 duniya ta yi ta cacar baki a kan 8 ÷ 2(2+2), masu 16 da masu 1, har jaridar New York Times ta tsoma baki. A Amurka ma PEMDAS suke haddacewa a madadin BODMAS, a can harafin ninkawa ya riga na rabawa. Da jerin haruffan ne doka, da ɗan Kano da ɗan Amurka ba za su taɓa samun amsa ɗaya ba.

Na fara yi masa wannan bayani a tsanake, ya katse ni. Sai na ce to, Malam, taimaka mini da 10 − 4 + 3.

Ya ja biro da isa. Wai harafin tarawa ya riga na ɗebewa, saboda haka 4 da 3 bakwai, a cire daga 10, saura 3. Har da jan layi biyu a ƙarƙashi.

Na ce, "Malam, kana da naira dubu 10, ka kashe dubu 4, wani ya ba ka dubu 3. Nawa ke aljihunka?"

Ya yi jim. Na ga dubu 9 ta iso bakinsa, ya haɗiye ta.

"Wannan ai lissafin kasuwa ne. Na makaranta daban."

"Ashe lissafi biyu ne?"

"Alhaji, wai mene ne sana'arka?"

Na ce hatsi nake sayarwa.

"To ka tsaya kan buhunanka, ka bar mana alli."

A gaban 'yata ya faɗi haka, sauran malamai suna ƙunshe dariya. Na nufi ofishin shugabar makaranta, ta saurare ni rabi da rabi, ta ce makarantu sun yi yawa a gari in ban gamsu ba. Kafin in kai ƙofa ta tuna mini da cikon kuɗin zango. Nan kam lissafinsu bai taɓa kuskure ba.

Shi malamin ma da wa zan haɗa shi? Haka aka koya masa: haddace haruffa shida, kar ka tambayi dalili. Mu iyaye ma da namu, in dai yaro ya rero abu kamar waƙa sai mu ce makaranta tana ƙoƙari. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji 4, mutum 21,780 suka faɗi. Aka yi ta surutu, aka kori na kora, jihohi da yawa suka kau da kai don kar a leƙa nasu. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta yi alkawarin ilimi kyauta kuma dole, ga NCE da aka ce ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ga hukumar TRCN mai rajistar malamai. Duk suna nan a takarda. Makarantun gwamnati sun lalace, muka gudu na kuɗi, inda duk mai ɗaki uku da gwangwanin fenti zai kafa allo ya ɗauko wanda bai samu aiki ba, ya biya shi abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Wa ke zuwa duba abin da ake koyarwa? Kuɗin gyaran firamare suna jibge a asusun UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, jihohi da dama sun ƙi biyan nasu kason balle su karɓo, su kuwa masu sa hannun, 'ya'yansu suna Ingila da Dubai.