Ƙwaƙwalwar rago a kular Maman Abba

Wallahi ƙanina ne ya ja min, shi da yake karatun likita a nan Legas. Ya zo shagona a Agege yana ta zuba, wai a 2013 a Jami'ar Stanford ta Amurka su Karl Deisseroth sun mayar da ƙwaƙwalwar ɓera garau kamar gilashi, a sa ta a madubin likita a ga jijiyoyinta ta sama ta ƙasa ta gefe ba sai an yayyanka ba, CLARITY suke ce wa abin. Ya ce kitse ne ke hana haske wucewa, sai a wanke shi da SDS, irin sinadarin nan mai sa sabulu kumfa. To ni daga jin sabulu kunnena ya toshe.

Washegari sai mayankar Oko-Oba, na sayi ƙwaƙwalwar rago, mahaucin ya ce "Alhaji farfesu za a sha kenan?" na ce masa bincike ne. Na samu kular Maman Abba sabuwa fil, na zazzaga omo, na tuttula ruwan ɗumi, na tura ƙarƙashin gado.

Aka ɗauke wuta, ga zafin Legas, ba a jima ba ɗakin ya ɗauka. Tana shigowa ta toshe hanci, "Baban Abba me ya mutu a nan?" Ta janyo kula ta buɗe, ba gilashi ba dalilinsa, wani ruwa ne toka-toka yana kumfa. Ihunta ya tara maƙwabta, Iya mai gidanmu ta leƙo sau ɗaya ta koma tana kiran Jesu, kafin magariba labari ya kai masallaci wai na fara tsafin kuɗi, har liman ya ja ni gefe yana min nasiha a hankali.

Da ƙanin nawa ya iso sai da ya yi dariya har da hawaye. "Yaya ai sai an fara jiƙa ta da acrylamide da formaldehyde, a ɗumama ta a digiri 37 ta daskare ta riƙe komai a wurinsa, sannan a cire kitsen, har da lantarki ake jan shi." Ya ƙara da cewa Japanawa ma da sukarin fructose suka yi nasu a 2013, kuma a gaban Maman Abba ya faɗa, yanzu sukarin gidan nan yana cikin akwatinta da kwaɗo, shayi ma sai na roƙa. Kular kuwa dole na biya.