Gafakar Sakkwato tana ruɓewa a bakin teku, kuma sai ka biya kafin ka gani

Sati biyu ke nan da dawowarmu Sakkwato, amma har yau abin nan bai daina ci mini rai ba. Bikin ƙanena da ke zaune a Agege ne ya kai mu Legas. Muka wuni muka kwana a mota, ta Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jabba har Ilori, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye, da tsoho mai ciwon gwiwa. Da aka watse, Baba ya ce abu guda yake so kafin mu juyo: ya ga teku da idonsa. Shekararsa 71, babban ruwan da ya sani bai wuce gulbin Rima da madatsar Goronyo ba.

Teku kam ya gani, ya yi ta tasbihi. Da a nan muka tsaya da an rabu lafiya. Sai ɗan rakiyarmu ya nuna wani ɗan gidan adana kayan fasaha a bakin ruwan, ya ce akwai aikin hannu na Arewa a ciki. Baba baduku ne, ɗan baduku, jikan baduku. Wa zai hana shi shiga?

Naira 3,000 kowane mutum, babu rasit. Za ka ɗauki hoto? Ƙaro 2,000. Muka biya muka shiga, sai duhu. Babu wuta, janareto kuma wai sai baƙi sun kai goma ake tayar da shi. To mu huɗun da muka biya, aljanu ne? Da fitilar waya muka riƙa haska zane-zanen bango kamar masu neman allura. Babu ko kujera guda da tsoho zai huta, banɗaki a kulle, mai mabuɗin "ya ɗan fita".

Duk wannan zan iya shanyewa. Wanda ya fito daga garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu ba ɗaki marar fanka ne zai sa shi kuka ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro yana ɗaki na uku.

Wata gafaka ce ta jar fata, irin wadda malamai ke sa Alƙur'ani, da kuben takobi a gefenta, an jingina su da bangon da ke fuskantar ruwa. Gilashin akwatin ya tsage, an liƙe shi da salatif. Funfuna ta yi fari fat a murfin, ɗinkin gindin ya fara saki, maɗaurin ya yi laushi kamar dafaffen ganda. Iskar teku danshi ce da gishiri, kowa ya sani. Ƙarfe ma tsatsa yake a can, balle fata. A Sakkwato gafaka kan yi zamani uku a rataye, uba ya bar wa ɗa, saboda busasshiyar iska. Su kuwa sun ajiye ta a inda ko takalmi ba za ka bari ya kwana ba.

Sannan ga ɗan katin da ke ƙasa: wai daga Maroko.

Baba ya sa na haska masa sosai. Ya daɗe a sunkuye, hancinsa kusan taɓa gilashi. Ya ce, "Wagga fata ta jar akuya ta. Jima da bagaruwa, rini da karan dafi. Dubi tsagar zanen ga, hannun mutanenmu na." Ban taɓa jin muryarsa ta yi rawa a kan kaya ba sai ran nan.

Ai tsohon kuskure ne, ba su suka fara shi ba. Tun zamanin ayari fatar jar akuyar Sakkwato ke ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can Turawa su saya su yi bangon littafi da ita, suna kiranta fatar Maroko don ta can ta iso musu. Baturen Ingila na wancan zamani yana da uzuri, bai san inda akuyar ta yi kiwo ba. Amma gida a cikin Najeriya, mai karɓar kuɗin 'yan Najeriya? Ko kira guda zuwa gidan tarihi na Waziri Junaidu da ya raba gardama.

Na yi wa matashin da ke tsaron ɗakin bayani cikin ladabi. Ko kai bai ɗago daga wayarsa ba. Da Baba ya miƙa yatsa yana nuna inda funfunar ta ci, sai yaron ya daka masa tsawa da "aboki", wai kada ya taɓa. Aboki! Sa'an kakansa! Mutumin da ya fi shekara 50 da basilla a hannu, shi ne ba a yarda ya nuna ba, amma funfuna an ba ta izinin ci dare da rana. Wallahi ba don Baba ya riƙe mini hannun riga ba, da ran nan an ji mu har bakin titi.

Na nemi manaja, ba ya nan. Na nemi littafin baƙi, ga shi, babu biro. Baba ya sa na yagi takarda na rubuta da nawa: a fitar da gafakar daga jikin bangon, a goge ta da busasshen ƙyalle, a shanya ta a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a sa ta a rana. Yaron ya karɓa, ya ɗora kwalbar lemonsa a kai.

Lambar da ke jikin allon ƙofarsu na kira ta sau shida daga nan, ba a ɗauka. Jiya bayan la'asar Baba ya sake tambayata, "Sun ɗauke ta daga bangon?"