Kafin a ja mota, a nuna mana wurin ajiye ta

Wani labari ya ce za a tsananta kama motocin da ake ajiyewa a bakin titi a Abuja. Madalla, amma ina za mu kai su? Wanda ya je kasuwar Wuse ranar Asabar ya san filin ajiye motoci kan cika tun kafin azahar. Barin mota a gida ma ba sauƙi: an hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar gari a 2006, an kori ƙananan bas a 2013, manyan kuma ba su wadata ba. Shi ya sa ma'aikacin da ke Mararaba, a wajen Abuja, ke fitowa da asuba, ya maƙale a Nyanya. Jirgin ƙasan cikin gari ma bai bi ta can ba. Don Allah jami'an VIO masu duba motoci su fara da masu lodin fasinja a tsakiyar titi a mahaɗar Berger da ta AYA.